Yadda za ka raba gardamar karkatar wata da zare ɗaya

Hausawan Makka masu hawa saman bene da la'asar sakaliya sun san wannan musu. Wajen 9 zuwa 11 ga watan Musulunci, rana ta gangara yamma, wata kuma ya riga ya hau ta gabas, amma gefensa mai haske sama yake kallo, kamar ba ruwansa da inda ranar take. Nan wani zai ce ashe ba daga rana yake samun haske ba. Daga gare ta ne, kuma kana iya nuna masa da hannunka.

Da farko ka nemi zare mai tsawon gaba guda, wato tsawon hannayenka biyu a buɗe. Ka jira sai rana ta taɓa bakin duwatsu, don kallonta tana da ƙarfi yana lalata ido.

Sai ka duba layin da ya raba haske da duhu a jikin watan. Ka ɗora bakin zaren a kan watan da hannun hagu, yadda zai ratsa layin nan ta tsakiya, ya fita ta gefen haske. Ka ja ɗaya bakin da hannun dama, ka riƙe shi a miƙe tamau, kana juya kai a hankali kana bin sa. Zai fara kamar yana hawa, ya wuce ta samanka, ya sauka daidai kan rana. Ka miƙa wa mai musun ya gwada da kansa, ya fi dogon bayani.

Ido ne ke ruɗin mutum. Idan ka tsaya tsakiyar wurin sa'ayi ka ɗaga kai, gefen rufin yakan taso daga wajen Safa, ya ɗaukaka a kanka, ya gangara wajen Marwa, alhali a miƙe yake sambal. Haka hasken yake. Wata yana nesa da mu kimanin kilomita 384,000, rana kuwa kusan miliyan 150, kusan ninki 400 ke nan, amma ido yana jera su a rufi ɗaya kamar maƙwabta.

Kada a haɗa wannan da kwanciyar jinjirin wata. Makka tana wajen digiri 21 arewa da layin da ya raba duniya biyu, shi ya sa a Maris jinjiri kan kwanta ƙahoninsa biyu a sama, a Satumba kuma ya jingina gefe guda. Wannan karkata ta gaske ce, daga yadda hanyar rana ke yanka bakin sama a kowane lokaci na shekara.