Yadda za ka gane ko juyin karkace a wasan siki zai yiwu

Masu wasan siki, wato zamiya a kan dusar ƙanƙara da dogayen alluna a ƙafa, suna yawan musu a kan juyin karkace, wato wanda ɗan wasa yake yi a sama jikinsa a jirkice, tsakanin juyin tsaye da alkafura. Wani ya ce salo kaza zai yiwu, wani ya rantse ba mai iya shi. Ana iya raba gardamar da biro da takarda, domin abu uku ne ke yanke hukunci: lissafin sunan salon, karkatar layin juyi lokacin tashi, da daƙiƙoƙin da mutum zai yi a sama.

Fara da sunan. Iri huɗu aka fi sani. A kok ana jefa jiki baya a karkace, a bayo kuma gaba. Misti alkafurar gaba ce mai haɗe da juyi, rodiyo ta baya ce, kuma a waɗannan biyun kai yana gangarawa ƙasa da ƙugu sosai. Lambar da ke bin sunan jimillar digiri ce, kuma a al'adar ƙirgar kowane zagayen kok yana cin kimanin 360 daga cikinta. Saboda haka kok biyu ba ya kasa 720, kok uku ba ya kasa 1080, kok huɗu ba ya kasa 1440. Wanda ya ce maka ya ga kok uku 720, ƙirgarsa ce ta kuskure. Haka kuma lambar da ke ƙarewa da rabin zagaye, irin 540, 900 ko 1620, tana nufin ɗan wasa ya tashi yana fuskantar gaba ya sauka da baya, ko ya tashi da baya ya sauka da gaba. Allunan siki masu lanƙwasa a kai da wutsiya ne suka sauƙaƙa wannan, tun fitowar samfurin allo mai suna Salomon 1080 a ƙarshen shekarun 1990.

Abu na biyu shi ne zuciyar maganar. Da zarar alluna sun rabu da bakin tudun tashi, ba abin da ɗan wasa zai tokara. Ƙarfin juyin da ya ɗauko daga tudu shi ke nan rabonsa har ya sauka, girmansa ba ya canzawa, inda ya fuskanta ma ba ya canzawa. Ka ɗauki ƙarfin nan kamar wani layi da aka kafa a sararin sama. Idan layin ya bi tsawon jiki daga kai zuwa ƙafa, juyin tsaye za a samu. Idan ya gitta ta ƙugu, alkafura ce zalla. Idan kuwa ya faɗi tsakani, jiki zai riƙa juyawa a kansa kuma yana zagaya layin, kamar katantanwar yara idan ta fara tangaɗi. Kowane zagaye ɗaya da jiki ya yi wa wannan layin shi ne kok ɗaya.

Ga ƙa'idar da za ka riƙe: idan mutum ya tashi a tsaye, iyakar jirkicewar jikinsa ninki biyu ce ta karkatar layin. Layi mai karkatar digiri 20 zai kai jiki 40, abin da alƙalai za su gani kamar juyin tsaye ne mai ɗan tangaɗi. Digiri 45 zai kwantar da jiki shimfiɗe a tsakiyar zagaye. Abin da ya haura 45 zai sa kai ya sauka ƙasa da ƙafa, a shiga yankin misti da rodiyo. Wannan iyakar ce Jonny Moseley ya yi wasa da ita a gasar Olamfik ta 2002 a Amurka, lokacin da doka ta hana kifewa a wasan siki na gangare mai ƙananan tuddai: ya yi 720 a karkace ba tare da ƙafafunsa sun haura kansa ba, ya zo na huɗu.

Daga nan ake gane abin da ba zai yiwu ba. Jiki yana dawowa tsaye ne idan zagayen ya cika, don haka kok ɗaya da rabi a gefe ko a ka yake ƙarewa. Mutum ba zai tashi da kok na hagu ya mayar da shi cikakken kok na dama a sama ba. Sai dai akwai 'yar kafa. Kafaɗu da ƙugu suna iya murɗawa sabanin juna, kuma sauke hannu ɗaya tare da ɗaga ɗayan yana ƙara wa jiki karkata ko ya rage, ya mayar da wani kaso na alkafura juyi ko juyi alkafura, yadda masu tsalle a kan tarampolin, wato shimfiɗa mai cilla mutum sama, suke yi. Da irin wannan Alex Hall na Amurka ya ci zinare a gasar Olamfik ta Bejin a 2022: ya nufi kok biyu 1080, sai ya tsayar da juyin ya dawo da rabin zagaye ya sauka a 900. Rabin zagaye ana iya ciro shi da murɗa jiki, zagaye biyu ko uku ba a iyawa.

Sai lokaci. Jan ƙasa mita 9.8 ne a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, ba ruwansa da gwanintar kowa. A ce ɗan wasa ya haura mita 5 sama da bakin tudu, hawan zai ci daƙiƙa 1. In wurin sauka yana mita 5 ƙasa da bakin, faɗowar mita 10 za ta ci daƙiƙa 1.4, jimilla 2.4. Yanzu raba digirin salon da 360. Salon 2160 zagaye shida ne, wato biyu da rabi a kowace daƙiƙa, kuma a ciki ne zai kama allo da hannu, ya buɗe jiki, ya hango ƙasa. Hall ya sauke kok biyu 2160 a gasar X Games a 2022, don haka wannan gudun yana cikin ikon ɗan Adam. Andri Ragettli na Siwizalan ya yi kok huɗu 1800 a Italiya a 2017 a kan tudun da aka gina musamman, Megan Oldham ta Kanada kuma ta zama mace ta farko da ta sauke kok uku a gasa a 2023. Mai son ya san ko kok biyar zai yiwu sai ya duba tsadar lokaci: ninka daƙiƙoƙi sau biyu yana buƙatar ninka tsayi sau huɗu, kuma faɗowar mita 10 kaɗai tana kawo mutum ƙasa da gudun kusan kilomita 50 a awa. Dokar motsi ba ta hana shi ba, gwiwa da kashin baya ne suke gaza ɗauka.

Abin da ke hannun ɗan wasa a sama shi ne siffar jikinsa. Dunƙulewa tana iya ninka gudun alkafura kusan sau uku a kan miƙaƙƙen jiki, matse hannuwa a ƙirji yana hanzarta juyi, buɗe su birki ne. Allo da takalmi suna kai kusan kilo biyar a kowace ƙafa, can nesa da ƙugu, shi ya sa salon da ya zo da sauƙi a tarampolin yake nauyi a kan dusar ƙanƙara, kuma shi ya sa kama allo kusa da takalmi yake taimaka wa juyi.

Wajen gwaji, yawancin ɓarna a bakin tudu take faruwa. Wanda ya jefa kafaɗa tun allunansa ba su kai baki ba yakan yanke tsayinsa, ya faɗi a doron da ke gaban gangaren sauka, inda ƙasa take a shimfiɗe. Wanda ya jefa kai baya da ƙarfi yakan wuce digiri 45 ba da niyya ba, kok ɗinsa ya rikiɗe alkafura, ya rasa inda ƙasa take. Wanda ya makara buɗe jiki yakan sauka yana kan juyawa, bakin allo ya kama ƙanƙara, jijiyar cikin gwiwa ta tsinke. Tsarin da masu horarwa suke bi shi ne tarampolin da farko, sannan tudun ruwa ko katifar iska da alluna a ƙafa, sannan dusar ƙanƙara mai laushi, da hular kwano a kowane mataki na tudu. A ɗauki bidiyo daga gefe da daga baya, a tsayar da hoton a tsakiyar zagaye, a auna jirkicewar jiki a raba biyu. Idan adadin yana canzawa daga tsalle zuwa tsalle a kan katifar iska, tashin bai zauna ba tukuna, kada a kai salon kan ƙanƙara.