Ƙaramin sani ƙuƙumi ne: kurakuran matasanmu wajen kare kai

Matashi zai kalli bidiyo a TikTok, ya ga an murɗe hannun mai wuƙa cikin ƙiftawar ido, sai ya ɗauka shi ma ya iya. Ya manta mai wuƙar cikin bidiyon abokin malamin da ke koyar da dabarar ne, sara ɗaya yake kawowa a hankali ya tsaya. Ɗan ƙwacen wayar da zai tare ka a lungu bayan Isha'i ba ya tsayawa, kuma da wuya ya zo shi kaɗai. Sau da yawa wanda aka soka zaton naushi yake yi, sai ya ga rigarsa ta jiƙe. Idan wuƙa ta sami babbar jijiyar cinya ko ta wuya, mintoci kaɗan suka rage. Ɗan'uwa, miƙa wayar. Ka ruga wajen haske da jama'a, daga baya ka rufe layinka da asusun bankinka.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne mai dogaro da guru da maganin bindiga. Waɗanda suka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022 da bam suka fasa layin dogo. Irinsu ne suka addabi hanyar Birnin Gwari da AK-47, kai kuwa bindigar toka ce a hannunka, harbi ɗaya sai ɗuri. Idan harbi ya tashi, ka kwanta ƙasa ko ka laɓe bayan katanga mai kauri. Ƙofar mota ba ta tare harsashi.

Masu taimako ma suna ɓarna da kyakkyawar niyya. Kada a zare wuƙar da ta maƙale a jiki, ita ke toshe jinin. A danne gefenta da tsumma mai tsabta, ban da toka ko fetur, a nufi asibitin Barau Dikko da ke Kaduna ko asibiti mafi kusa.

Saran kububuwa kuwa, tsagawa da reza ƙara masifa ce, domin dafinta hana jini daskarewa yake yi. Ban da tsotsa, ban da ɗaure ƙafa tamau. A hana mutumin tafiya, a ɗauke shi zuwa inda ake da allurar maganin dafin maciji.

Kogin Kaduna idan ya cika a watan Agusta, iyon kududdufi ba ya aiki a cikinsa, kuma wanda ruwa ke ci ƙanƙame mai cetonsa yake yi su nutse tare. Jefa masa igiya ko jarka maras komai da murfinta a rufe, kana tsaye a gaɓa.