Yadda ake kafa kulastar Kubernetes a Amazon EKS da Terraform

Kubernetes manhaja ce mai sarrafa manhajoji a kan rukunin injina (kulasta), EKS shi ne Kubernetes da AWS ke kula da shi, Terraform kuma kayan aikin gina su ne ta hanyar rubutaccen tsari. Kafin komai, tanadi wurin ajiye fayil ɗin state, domin a cikinsa Terraform ke riƙe lissafin duk abin da ya gina. Ajiye shi a bokitin S3 (ma'ajiyar fayiloli ta AWS), ka sa `use_lockfile = true`, wanda ya fara aiki daga Terraform 1.10, don kada mutum biyu su rubuta a kansa lokaci guda.

Sai VPC, wato keɓaɓɓiyar hanyar sadarwarka a cikin AWS, kuma nan ya kamata ka fi ɓata lokaci. EKS na buƙatar subnet (yankin adireshi a cikin VPC) aƙalla biyu a Availability Zone (rukunin cibiyoyin bayanai na AWS) daban-daban. Kada ka yi ƙwauro wajen girmansu. Kowane pod (ƙunshin da manhajarka ke gudana a ciki) yana karɓar adireshin IP daga subnet ɗin kai tsaye, kuma subnet mai girman /24 adireshi 251 kawai ke ba ka, tunda AWS na riƙe biyar. Ranar da adireshin suka ƙare, sabbin pod za su maƙale a `ContainerCreating`, kuma faɗaɗa subnet bayan an gina ba ya yiwuwa. Ɗauki /20 ko /19 tun farko. Injin da pod ke gudana a kai (node) ma yana da iyaka: nau'in t3.medium pod 17 yake ɗauka idan ba a kunna prefix delegation (ba injin adireshi rukuni-rukuni) ba.

Sa alamar `kubernetes.io/role/elb` mai darajar 1 a subnet na waje, `kubernetes.io/role/internal-elb` a na ciki, don a san inda za a sa na'urar raba lodi (load balancer). Idan node suna subnet na ciki, sai da NAT gateway (ƙofar fita intanet) ko VPC endpoint (hanyar kai tsaye zuwa ayyukan AWS). In ba haka ba ba za su shiga kulasta ba.

Don kulastar kanta, yi amfani da shiryayyen ƙunshin Terraform `terraform-aws-modules/eks/aws`, ka ɗaure lambar sigarsa. Daga siga ta 20, sai ka sa `enable_cluster_creator_admin_permissions = true`, in ba haka ba kubectl, kayan aikin ba kulasta umarni, zai ƙi ka ko da kai ka gina ta. Bayan `terraform apply`, wanda kan ɗauki wajen minti 15, buga `aws eks update-kubeconfig`, sannan `kubectl get nodes`.

Kula da sigar Kubernetes: wata 14 bayan fitowarta a EKS, kuɗin control plane (sashen da ke sarrafa kulasta) na tashi daga dala 0.10 zuwa 0.60 a awa.

Lokacin rushewa, fara goge duk Service (hanyar isa ga pod) mai nau'in `LoadBalancer`. Kubernetes ne ya ƙirƙiri na'urar raba lodin, Terraform bai san da ita ba, don haka `terraform destroy` zai tsaya a subnet da kuskuren `DependencyViolation`.