Kada ku sayi takalmin rawa kafin yaro ya zaɓi salo

Idan za ku sa yaro a makarantar koyon rawa, ku dakata da sayen takalmi har sai ya ɗanɗana salo biyu ko uku.

Dalili shi ne kowane salo da nasa kayan. Rawar bale (ballet) ta Turawa tana buƙatar takalmi mai laushi marar dunduniya, salsa ta yankin Latin Amurka tana son mai santsin ƙasa saboda juyi, ita kuwa Koroso ta Kano kayan kaɗawa ake ɗaurawa a ƙafa. Yara kuma suna saurin sauya ra'ayi, sai kuɗinku ya tafi a banza.

A darussan farko, wando sakakke ya wadatar, ba sai da takalmin rawa ba.

Sai dai dabarar ba ta aiki a rawar tap, wadda ake yi da buga ƙafa a ƙasa, domin ƙarar ƙarfen da ke ƙarƙashin takalmin ita ce ginshiƙin rawar. A nan ku nemi aro a makarantar.