Ga sabon zuwa Kolombiya: ka san kiɗan unguwa kafin ka kama haya

Maganar takardu gajeriya ce. In bizarka ta wuce ta wata 3, ka yi rajista a Migración Colombia, hukumar shige da fice, cikin kwana 15 ka karɓi katin baƙi, cédula de extranjería. Shi ke nan. Abin da ya fi kayar da 'yan uwa shi ne gida, kuma kiɗa ne sanadi.

A Barranquilla da Cartagena akwai picó, wasu manyan lasifikoki masu zanen launi da tsayinsu ya fi mutum, waɗanda ake girkewa a ƙofar gida ana sakin kiɗan champeta tun daga daren Juma'a har wayewar Litinin. Kunnenka zai gane ta, don daga faya-fayan Kwango da highlife na Najeriya da suka shigo ta jiragen ruwa ta samo asali. Amma daɗin ji daban, barci daban. Sabon zuwa yakan je duba ɗaki ranar Talata da hantsi, unguwa tsit, ya sa hannu a yarjejeniyar shekara guda. Ran Asabar gilashin taga na karkarwa, yaro ya hana kowa sakat, asuba ta kuɓuce. In ya ce zai tashi kafin wa'adi, dokar haya mai lamba 820 ta 2003 ta ɗora masa sanarwar wata 3 da diyyar kuɗin wata 3. Ga kuma codeudor, wanda ya tsaya masa, galibi mai gidan kansa a garin, da aka sha wuya kafin a samu. In ka gudu shi za a bi kuɗin, ka ɓata wa na bayanka hanya. Don haka kafin ka sa hannu ka koma unguwar daren Asabar ƙarfe 11, ka tsaya cikin ɗakin da ƙofa a rufe. Kiran 'yan sanda a kan maƙwabci a watanka na farko ba dabara ba ce.

Sauran kuma sanin abin da kake kallo ne. Cumbia ta gaɓar Karibiyan ce: ganguna 3, alegre da llamador da tambora, sai sarewar gaita mai kan kakin zuma. Mace na riƙe da damin kyandir mai ci a hannu ɗaya, ɗayan hannun a bakin doguwar siket, namiji na zagaya ta da malfa. Ba a ɗaga ƙafa, ja ake yi a ƙasa, kuma kyandir ɗin ne ke hana shi matsowa. Vallenato na Valledupar ne, akodiyon da ƙaramar ganga caja da guacharaca da ake gogawa, ana gasarsa a ƙarshen Afrilu tun 1968. A Cali, bikin Petronio Álvarez na watan Agusta na kiɗan currulao ne, da marimba ta itacen chonta. A can za a miƙo maka kwalba fara kamar kunun gyaɗa ana kiranta arrechón. Akwai viche a ciki, giyar rake ce. Ka ce «no tomo, gracias», wato ba na sha, na gode, da murmushi, ba mai matsa maka.

In ka ji mata baƙar fata na rera alabao babu ganga, makoki ne. Kada ka tafa, kada ka ɗaga waya. Haka lumbalú a San Basilio de Palenque, ko da ka ga ana kiɗa ana rawa, gawa ake rakawa.

Bikin Kanibal na Barranquilla kwana 4 ne kafin Larabar Toka, ranar da Kiristoci ke fara azumi. Ana fesa kumfa da garin masara a fuska, kafin ka goge ido an zare waya daga aljihu. Mutanen gari na cewa «no dar papaya», wato kada ka bar kayanka a banza. Ka fita da kwafin katinka da kuɗin mota kawai, fasfo ya kwana a gida.