Sakandaren da ka yi da neman jami'a a Amurka: yadda suke kallonta da abin da ya kamata ka yi

Yara da yawa tun kafin su cike fom sun riga sun karaya, wai ai makarantarmu ba wanda ya san ta, wa zai kalle ni a Harvard ko MIT. Gaskiya makarantar da ka fito tana da tasiri, ba zan ɓoye maka ba, amma ba ta yadda kake zato ba.

Ka fara sanin abin da ke faruwa idan takardunka suka isa ofishin admishin. Yawancin manyan jami'o'i sun raba ma'aikatansu yanki-yanki, wanda zai karanta naka galibi shi ke karanta na sauran yaran yankinku. Kuma tare da sakamakonka akwai wata 'yar takarda, shafi ɗaya ko biyu, da makarantarku ke turawa, ana ce mata furofayil ɗin makaranta. A ciki za a rubuta ɗalibai nawa ne a ajin ƙarshe, yadda ake ba da maki, darussan AP ko IB (wato darussa masu nauyi da ake yi a sakandare, kusan na matakin jami'a) nawa ake koyarwa, kashi nawa ke wucewa jami'a. Da ita mai karanta takardunka yake auna ka. Yarinyar da makarantarsu ke da AP uku kacal kuma ta ɗauke duka ukun, ta nuna ta ƙure abin da aka ajiye mata, yaron da makarantarsu ke da ashirin ya tsinci biyu masu sauƙi don makinsa ya yi kyau, to shi ne zai sha tambaya.

Saboda haka abu na farko, je ka wurin malamin da ke ba ɗalibai shawara ka roƙi ya nuna maka furofayil ɗin nan. Ka karanta da idonka. Wasu makarantun nasu ya tsufa, wasu ma ba su da shi sam, musamman idan daga wajen Amurka kake nema, to a nan sai ka lallaɓa a rubuta ko da shafi ɗaya ne. Idan malamin lissafi ya bar aiki aka shekara ba a koyar da kalkulas ba, a rubuta. Ba wanda zai yi duba ya gano wannan.

Na biyu, malamin nan ka sa ya san ka. Shi zai cike rahoton makaranta a Common App, wato fom ɗin intanet da ake neman jami'o'i da yawa da shi, har da wurin da ake tambayarsa ko darussan da ka zaɓa suna cikin mafi wahala a makarantar. Ƙungiyar malaman ba da shawara ta Amurka ta ce kamata ya yi mutum ɗaya ya riƙe ɗalibai 250, amma a makarantun gwamnati da yawa abin ya wuce haka nesa, kaga kuwa idan ba ka kai kanka ba wasiƙar da zai rubuta maka za ta fito salam ba gishiri, irin wadda ya rubuta wa kowa. Ka rubuta masa takarda ɗaya, me ka yi, wane aiki kake yi bayan an tashi, ƙannenka nawa kake kula da su, ka miƙa masa tun farkon shekara ba sai ana gobe za a rufe ba.

Idan makarantarku ba ta da darussa masu nauyi kuma kana da hali, ka nemi kwas a kwalejin al'umma (kwalejin shekara biyu) da ke kusa, ko ka yi rajistar jarrabawar AP ka karanta da kanka, College Board, hukumar da ke shirya jarrabawar, ta yarda da haka.

Sai maganar SAT, jarrabawar neman shiga jami'a, nan ne nake ganin yaran talakawa na cutar kansu. Lokacin da jami'ar Dartmouth ta dawo da tilasta jarrabawar a 2024, ɗaya daga cikin dalilanta shi ne yara daga makarantu marasa ƙarfi suna ɓoye maki kamar 1400 cikin 1600 don suna ganin ya yi kaɗan, alhali da sun tura da ya taimake su, tunda a makarantarsu ba kasafai ake samun irinsa ba. Don haka kafin ka ɓoye naka, ka gwada shi da na 'yan makarantarku tukuna.

Akwai ma jihohin da makaranta ƙarama ke zama riba ƙiri-ƙiri. Texas tun 1997 tana da dokar da ke ba wanda ya shiga kashi 10 na saman ajinsu gurbi kai tsaye a jami'o'in gwamnatin jihar, sai dai Jami'ar Texas da ke Austin ta matse nata zuwa kashi 6 har ma 5. California kuma tana da wani tsari da ke ba kashi 9 na saman kowace makarantar da ke cikinsa tabbacin gurbi a ɗaya daga cikin rassan jami'arta, ko da ba wanda suka zaɓa ba. Iyaye, kafin ku cire yaro daga inda yake na ɗaya ku kai shi makarantar da zai koma tsakiyar aji, ku yi lissafin nan da kyau.

Amma fa ba zan ce maka filin daidai yake ba, abin yana min ciwo. Binciken da masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokansa suka fitar a 2023 ya nuna 'ya'yan kashi 1 na masu kuɗin Amurka sun ninka 'ya'yan matsakaita fiye da sau biyu wajen shiga manyan jami'o'in nan masu tsada ko da makin SAT ɗinsu ɗaya, kuma cikin dalilan har da irin yabon da makarantun kuɗi suka iya shirya wa yaransu. Shi ya sa nake nacewa a kan wasiƙa da furofayil. Kuma a Common App akwai wurin ƙarin bayani, yi amfani da shi, layi huɗu ko biyar sun isa: makarantarmu ba ta koyar da kaza, na yi kaza a madadinsa, ga sakamakon. Ban da kuka, ban da zagin makarantar.