Yadda ake hana bututun numfashi gocewa, da yadda ake gane ya goce

Bututun numfashi shi ne wanda ake zura wa majinyaci ta baki zuwa hanyar iska don a haɗa shi da na'urar numfashi. Da zarar an tabbatar bututu ya shiga hanyar iska, a duba lambar jikin bututun da ke daidai haƙoran gaba a rubuta ta. Ga manya yawanci santimita 21 ne ga mace, 23 ga namiji. A hoton ƙirji, ƙarshen bututun na ciki ya tsaya kamar santimita 3 zuwa 5 sama da inda hanyar iska ta rabu biyu. Duk wanda ya karɓi aiki ya kwatanta lambar da abin da idonsa ya gani.

Sai ɗauri. Filasta in ta jiƙe da yawu ko gumi saki take yi, a canza ta, kuma mutum biyu ke wannan aiki: ɗaya na riƙe da bututu, ɗaya na ɗaurewa. A tallafe tiyon na'urar numfashi kada nauyinsa ya riƙa ja. Iskar balan-balan ɗin bututu, wanda ake hurawa a ƙarshensa don toshe yoyon iska, ta tsaya tsakanin 20 da 30 a ma'aunin matsi (cmH2O).

An fi samun matsala wajen juya majinyaci ko ɗaukarsa zuwa wani sashe. In kai ya sunkuya bututu na nutsewa, in ya ɗaga yana fitowa, abin kan kai santimita 2. Don haka a ware mutum guda ya riƙe kai da bututu, shi ne kuma zai ba da umarnin juyawa. Majinyacin da ke fizge-fizge a nemi dalili, sau da yawa ciwo ne, kafin ya kai hannu ga bututun.

In bututu ya nutse, ya fi faɗawa cikin huhun dama, domin reshensa ya fi miƙewa. Ƙirjin hagu zai daina tashi, ba a jin iska a wajen, matsin na'ura ya hau. A sace iskar balan-balan, a ja bututu zuwa lambarsa ta asali, a sake hurawa, a saurara.

In ya fito kuwa, za a ji gurnani ko murya, na'ura ta yi ƙarar yoyon iska. Shaida mafi ƙarfi ita ce layin da ke nuna, a allon na'ura, iskar kabon da majinyaci ke fitarwa: in ya ɓace, a ɗauka bututu ba ya wurinsa. Kada a jira oksijin ya faɗi, yakan makara. A kira taimako, a cire majinyaci daga na'ura, a ba shi oksijin ɗari bisa ɗari da jakar Ambu, wato jakar da ake matsawa da hannu don hura masa iska. In har akwai shakka, a zare bututun a koma takunkumin fuska, kada a tura shi ciki a makance.